Littafi da Alƙalami da Kare

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko wani ya ƙaru.

Ni akawu ne a Anka. Abu uku suka mallake zuciyata: karatu, da rubutu, da karena Ƙyale-su. Da na taso daga ofis sai in duƙufa a kan Magana Jari Ce har dare ya raba. Uwargida ta ce littafi ya zame mata kishiya, ga shi kuma ina saya wa kare nama, alhali albashi ba ya kai mu ƙarshen wata.

Ran da ta ɗaure kayanta za ta yi yaji zuwa Gummi, ran nan na farga. Na ba ta haƙuri, na raba lokacina: safiya ta ofis, la'asar ta cefane da yara, littafi sai sa'a guda da dare. Kare kuwa ya koma cin sauran tuwo.

Cikin Satumba 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, maƙwabtan da ke yi mini dariya su ne suka riƙa sallama in rubuta musu wasiƙa zuwa Bukkuyum da Gummi, direbobi su kai. Da dare kuwa duk unguwa haushin Ƙyale-su take saurare.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma 'yan'uwana ma'aikata, kada kiwon ya cinye haƙƙin iyali.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Anka.