Kafin a Jefar da Jarka Mai Yoyo

Duk wanda ya san Kano ya san Kasuwar Ƙofar Wambai da abu biyu: gwanjo da robobi. Bokiti, baho, buta, kwando, ga su nan tuli-tuli, da yawansu daga masana'antun Sharaɗa da Bompai. Mu da muka tashi a gindin kasuwar mun saba da sabuwar roba, har muna neman mantawa da mutumin da ke zaune da kurfoti da guntun ƙarfe yana jiran wadda ta fashe. Mai liƙi ke nan, magajin gyartai. A zamanin kakanninmu, in ƙwarya ta tsage gyartai ake kira ya huda gefe da gefe ya ɗinke ta. Roba ta kori ƙwarya, amma tsaga tana nan.

A unguwarmu yoyo ba ƙaramar magana ba ce, domin ruwan sayensa muke yi. Jarkar ɗan garuwa lita 25 take ci, kilo 25 ke nan. In ɗaya ta huje, ya turo nauyin tun daga rijiyar burtsatse, kafin ya shigo lungu ruwan ya sauka zuwa kafaɗar jarka, uwar gida kuma ta ce ba za ta biya kuɗin cikakkiya ba. Ita ma tana da gaskiya. Cinikin yini bai isa ya sayi wata jarkar ba, liƙi kuwa kuɗi kaɗan ne.

Mun sha tsayawa kallon yadda gwanayen ke aiki, kuma ba sa fara wa da wuta. Sai sun cika jarkar da ruwa sun matsa cikinta, don su ga iyakar tsagar, domin inda ido ya gani ba nan ta tsaya ba. Sannan a zubar da ruwan, a wanke maiƙo, a shanya ta bushe ƙarau, a kankare wurin da wuƙa. Wasu sukan huda ƙarshen tsagar da ƙusa mai zafi don kada ta ci gaba da gudu. Daga nan ne ake narka faci da jikin jarkar tare, su zama abu ɗaya.

Sirrin yana wajen zaɓen facin. Ku juya gindin roba, sau da yawa za ku ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Jarka yawanci 2 ce, tana narkewa a wajen digiri 130. Bokiti da baho da yawa 5 ne, sai zafi ya kai wajen 160. In aka liƙa wannan a kan waccan, zai yi kyau a ido, kwana biyu ya ɓanɓare. Gam ɗin shago ma ba ya kama su. Hausawa sun riga sun faɗa: ƙwarya ta bi ƙwarya.

Wannan ƙa'ida ba ta robar Kano kaɗai ba ce. A Tarkwa Bay da ke Legas akwai samari masu hawa allo suna sululu a kan igiyar teku. Cikin allon kumfa ce mai tauri, an lulluɓe ta da zaren gilashi da danƙo. In ya ƙwanƙwasu ya tsage, tasu matsalar kishiyar tamu ce: mu ruwa fita yake yi, su shiga yake. Duk da haka gyaran ɗaya ne. Sai an buɗe wurin an bar shi ya tsane kwana da kwanaki, domin in aka rufe da laima a ciki, rana za ta dafa shi fatar ta ɗago. Akwai kuma irin kumfar da danƙon foliyesta ke cinyewa, sai dai a sa mata na ifoksi.

Abu biyu za mu roƙa. In za ku kai jarkar ruwan sha, ku tafi da facinku daga wata tsohuwar jarkar da kuka san abin da ta ɗauka, kada a yanko muku daga galan ɗin maganin feshi. Kuma ku ja yara gefe, hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne.

Masu liƙi suna raguwa, ba mu cika ganin yaro zaune yana koyo a gabansu ba. Ranar da na ƙarshe ya kashe kurfotinsa, mai hali zai shiga kasuwa ya sayi sabuwa, ɗan garuwa ne zai rasa inda zai nufa. Idan bokitin gidanku ya fara ɗiga, kafin ku tura shi kwata ko ku miƙa wa ɗan jari-bola, ku bi ta wajen malamin nan, ku ce, “Baba, wannan za ta liƙu?” In ba za ta yi ba, shi da kansa zai gaya muku.