Daga Ɗan Issa zuwa tabkin Madarunfa: arzikin da ke tsaye bakin hanya

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san Ɗan Issa, amma sanin da ya yi wa garin bai wuce na shingen duwan ba: a tsaya, a nuna takardu, a sha ruwa, a wuce Jibiya. Ma'aikacin gwamnati kuwa, in aka turo shi nan, sau da yawa lissafin ranar da za a maida shi birni yake yi. Kaɗan ne ke ɗaga kai su dubi gawo da tsamiya da kanya da ke tsaitsaye cikin gonaki dama da hagu, balle su ratse su ga tabkin Madarunfa. Alhali kuwa akwai ƙasashen da icce da ruwa da tsuntsu su ne hajar da suke sayar wa baƙi, har mutum ya biya kuɗi masu kauri don a bar shi ya kwana bisa icce.

Ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe ita ce Suwis, ƙasar duwatsu da ke tsakiyar Turai. Kamar Nijar, ba ta da bakin teku, kuma faɗinta, murabba'in kilomita 41,285, bai kai na jahar Maraɗi ba ma. A can, kamar a maƙwabtanta Faransa da Ostiriya, ana gina ƙananan ɗakunan katako tsakanin rassan manyan itatuwa, a sa masu tsani da gado da taga mai kallon daji, ma'aikaci ya ɗauki hutu ya zo da iyalinsa su kwana biyu ko uku. A garin Laax, a shekarar 2021, an buɗe wata gadar katako mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi, wadda ke ratsa daji daidai kan itatuwa, mutane na tafiya bisanta suna kallon tsuntsaye. Bahaushe ya daɗe da sanin rataya amya bisa icce don zuma ta shiga. Bature kuwa sai ya rataya ɗaki don baƙo ya shiga. Dukansu biyu abu guda suke bukata: icce mai rai, babba, wanda gatari bai taɓa ba.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci haka Allah ya ajiye wa mutanen Suwis dajinsu. Ba haka ba ne. A ƙarni na 19 sun sare itatuwan duwatsunsu don girki da gini da masana'antu, har ƙasa ta rasa abin da zai riƙe ta. A 1868 ambaliya ta sauko daga duwatsu ta cinye ƙauyuka da gonaki da rayuka. Wannan masifa ce ta sa aka kafa dokar daji ta 1876, aka faɗaɗa ta ga ƙasar baki ɗaya a 1902, bisa ƙa'ida guda: faɗin daji ba zai ragu ba, kuma wanda aka ba izinin share wani wuri sai ya maye gurbinsa. A 1914 suka keɓe babban gandun dajinsu na ƙasa, inda ba a sara, ba a farauta. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar daji ne. Ke nan ɗakin da baƙo ke kwana cikinsa bisa icce, ribar haƙurin shekara 150 ce.

To, mene ne ke akwai a gundumar Madarunfa? Matafiyin da ya baro Ɗan Issa ya nufi wajen gulbi zai ga ƙasa ta sake kama: jigawa ta ba fadama wuri, ga lambunan mangwaro da gwaba, ga tumatir da tattasai da zogale. Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, shi da gulbin Gabi ne ke ciyar da tabkin Madarunfa, tabkin da babu kamarsa a duk jahar. Da sassafe masunta na tura kwale-kwale suna neman karfasa da tarwaɗa, makiyaya na gangaro da shanu, balbela na bin sawunsu. In sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa kan taso tun daga Turai su sauka nan su huta. Kusa da tabkin akwai gandun dajin gwamnati mai faɗin hekta 830, sannan ga kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. A 2006 gwamnati ta shigar da dajin da tabkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka sa tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare fadamu da tabkuna masu muhimmanci ga duniya.

Daga can, wajen iyaka, dajin Baban Rafi ne ke shimfiɗe da sabara da geza da marke da ƙirya. Dattawan ƙauyukan da ke gefensa ba su manta ba da shekarun 1980 da 1990, lokacin da garken giwaye kan tsallako daga dazuzzukan Najeriya, manoma su kwana suna kaɗa gwangwani don kare hatsinsu. Yau giwa ta zama labarin da ake ba yara. Abin da ke fitowa daga dajin shi ne amalanke da kamyo shaƙe da iccen girki, sun nufi Maraɗi, birnin da bakunan murhunsa ke ƙaruwa kowace shekara. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin icce na karkara ta nufi mutanen ƙauye su riƙa sara bisa ƙa'ida, su ci moriya, su bar daji ya farfaɗo. Amma doka a takarda daban, gatari a hannun mai yunwa daban. Tabkin shi ma yana da nasa ciwo: inda aka tsiraita ƙasa, ruwan sama na kwaso rairayi ya zuba masa, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, gulbi ba ya kawo ruwa yadda ya saba.

Duk da haka, ba a Turai za a koyo maganin ba, domin a wannan jaha aka haife shi. Maraɗi ta san ambaliya: ta 1945 ce ta rusa tsohon gari har aka hau da shi tudu. Ta san fari: a 1984, zamanin Seyni Kountché, a nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A waɗannan shekaru ne kuma manoman jahar, tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka soma abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a bar su su girma. Ba rijiya, ba gandun reno, ba kuɗin waje. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo bisa hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Gawon da matafiyi ke gani cikin gonakin Ɗan Issa, mai zubar da ganye da damina ya ba gero taki, shaidar wannan aiki ne.

Sai dai baƙo ba ya kwana inda mai gida ke kwana da ido ɗaya. Tun daga 2019 ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina suka riƙa tsallako iyaka suna kore shanu suna sace mutane, dajin da ya kamata ya zama wurin shaƙatawa ya zama maɓoya. Iyakar kanta an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023, kowa kuma ya ga yadda kasuwar Ɗan Issa ta ji jiki. A 2021 labarin zinariya ya ja dubban matasa zuwa Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Issa. Ranar 7 ga Nuwamba ramuka suka rufta, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Ramin zinariya, ko ya ba da arziki, rana ɗaya zai ƙare ya bar kufai. Tsamiya kuwa takan ciyar da jikan wanda ya bar ta.

Saboda haka ba a ce gobe a rataya ɗakuna bisa itatuwan Madarunfa a zauna jiran Turawa ba. Baƙon farko na kusa: malamin makaranta da ɗalibansa, ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyali ran hutu, mai ziyarar waliyyai da ba ya samun masauki, Bakatsine da Bakano da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai iya kawowa in ya kammala. Abin da waɗannan ke bukata bai fi ƙarfin alhazan Maraɗi ba: ƴan ɗakuna masu tsabta a bakin tabki, rumfa, makewayi, kwale-kwale mai lafiya, da yaran gari da aka koya wa sunan kowane icce da kowane tsuntsu. Na hukuma kuwa shi ne tsaro, da iyakar gandu da ba a sayar da ita a ɓoye, da rabon kuɗin shiga yadda masunci da manomi za su ga nasu kaso, don wanda ya ci moriyar icce a tsaye ba zai bari a kayar da shi ba.

Mutanen Suwis sun jira ruwa ya ci su kafin su hankalta. Mutanen Madarunfa sun riga sun ga fari, sun ga ambaliya, sun ga ruftawar rami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda zai ɗauki ɗaki nan da shekara hamsin, yau ne ake barin tsironsa. Allah ya ba ƙasar nan zaman lafiya da damina mai albarka.