Mu Ma An Kira Mu Yaran Zamani

Na kama aiki a 1984, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Kaduna. A shekarar ne gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Da lokacin shiga ofis ya cika, sai a ja layi da jan biro a littafin sa hannu. Wanda ya zo bayan layin ya shiga uku, domin a wasu wuraren har tsallen kwaɗo sojoji suka sa magidanta.

Mai jan biron shi ne babban akawunmu, dattijon da ya faro aiki tun zamanin En'e. Kekensa Raleigh, wanda ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, kullum yana jingine a gindin darbejiya kafin kowa ya iso. In ka kai masa wasiƙar da aka buga a tafireta, sai ka rusuna ka ce, “Ranka ya daɗe, ga ta.” Ya gyara tabarau, ya ɗora rula, ya bi ta layi-layi. Harafi ɗaya ya kauce, a sake bugawa daga farko. Fayil ba ya kwana a teburinsa, amma kuma ba a ce masa “me ya sa”. Na taɓa gwada nuna masa gajeriyar hanyar haɗa lissafi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ku yaran zamani, kun zo da takarda, ba ku zo da haƙuri ba.”

A bayan idonsa mukan yi dariya. Sai daga baya na gane inda haƙurin nasa ya samo tushe. Mutanen zamaninsa sun ba gwamnati ƙuruciyarsu ne bisa alkawari: albashi mai riƙe gida, bashin abin hawa, sannan giratuti da fansho har ƙarshen rai. Lokacin da na fara aiki, naira ta fi dala daraja.

Mu ne alkawarin ya tsinke a hannunmu. Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta kama gangara, albashi ya daina kai mu ƙarshen wata. Nan muka koyi adashi da noman damina da sulalewa kasuwa bayan Azahar. A 2004 dokar fansho ta canza, aka koma yankar kaso daga albashin ma'aikaci ana tara masa a asusu. Abin ya same mu a tsakiyar kogi.

Kwanci tashi, sai ga ni a kan kujerar dattijon. Aka turo mini wani saurayi mai digiri, wanda ya gama bautar ƙasa. Gaisuwarsa a tsaye, “Oga, barka da asuba,” ido na kan waya. Raina ya ɓaci tun ranar farko. Amma takardar biyan alawus da kan ci mana kwana uku da kalkuleta, kafin in idar da sallar walaha ya gama ta a kwamfuta, babu kuskure ko ɗaya. Sai ya koma kan wayarsa yana cinikin takalma ta WhatsApp. Abin ya fi ci mini rai saboda ba ni da laifin da zan kama.

Wata rana na kira shi na yi masa faɗa sosai, har na ji bakina yana cewa, “Ku yaran zamani.” Na yi turus. Shi kuwa ya saurara har na gama, sannan cikin ladabi ya ce, “Baba, in ka yarda in yi maka lissafi.” Ya ɗauki takarda ya jera kuɗin haya, kuɗin mota daga Rigasa kullum, cefane, da maganin mahaifiyarsa. Kafin ya kai rabi albashin ya ƙare. Na riƙe takardar ina dubawa kamar yadda dattijon nan ke duba wasiƙa, ban sami abin da zan ja wa layi ba.

Ban ce duk halinsu daidai ne ba. Har gobe ina ƙin a bar mai neman fayil a tsaye ana latsa waya, kuma da yawansu ba sa iya rubuta wasiƙar ofis mai kan gado. Sai dai na daina kiran sana'arsu ta gefe rashin kishin aiki, tunda ni ma na yi noma da lokacin gwamnati.

Na cika shekara 35 ina aiki na yi ritaya a 2019, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Yaron nan ne ya haɗa mini takardun ritaya a kwamfuta, cikin yini guda. Bai daɗe a bayana ba ya ajiye aikin, yanzu yana da shagon takalma a babbar kasuwar Kaduna da yara biyu a ƙarƙashinsa.