Littattafan Ƙirƙirar Kimiyya Uku da Na Fi So

Duk wanda ya taɓa hayar littafi a unguwanninmu, daga Ƙauyen Alu zuwa Gyadi-Gyadi, ya san labaran soyayya ne suka fi yawa a kan kanta. Ni ma na karanta su ba adadi. Amma yau ina so in taɓo wani fanni da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato labaran ƙirƙirar kimiyya.

Gwanina na farko shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka duniyar wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin sama ya tafi da shi yawon buɗe ido can sama. Bahaushe dai cewa yake ganin tauraruwa mai wutsiya ba alheri ba ne, sai ga marubuci ya mai da abin tsoron ya koma abin sha'awa. Kuma da Hausa ya yi, shi ya sa labarin ya zauna mini.

Na biyu shi ne The Time Machine na H.G. Wells ɗan Ingila, na 1895. Wani masani ne ya ƙera na'ura ta kai shi shekara ta 802,701. A can ya tarar 'yan Adam sun rabu biyu: jikokin masu hali sun zama ragwaye, jikokin 'yan ƙwadago kuma suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, sai dare ya yi su fito farautarsu. Duk lokacin da na ga yadda tazarar mai kuɗi da talaka ke ƙaruwa a garin nan, littafin nan nake tunawa.

Na uku, The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, ya fito a 2007. Ta kai labarinta Nijar ta shekarar 2070, tauraruwarsa kuma yarinya ce mai suna Ejii. Ashe ƙasarmu ta Sahel ma tana da gobe a cikin littafi.

Me ya sa nake son su? A tatsuniya, idan aljani ya ɗauke mutum zuwa wata duniya, ba wanda zai tambayi yadda aka yi. A waɗannan kuwa dole mai karatu ya ce, ta yaya? Yaron da ya saba da wannan tambaya shi ne gobe zai kwance rediyo don ya ga cikinta.

To marubutanmu, ga ƙalubale. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley da aka gani a 1986 za ta dawo a 2061. Yaya za ta tarar da Kano? Ina za mu samo ruwan sha, yaya za mu yi da zafi da cunkoso? Idan ba mu rubuta wannan labari da harshenmu ba, yaranmu za su tashi suna zaton gobe ta Turawa ce kaɗai. Allah Ya sa mu dace.