Siliman Adamawa: Suna Ya Rage, Fim Ya Tafi

Jirgin ƙasan da ya taso daga Yawunde da dare ya sauke mu a Ngawundere hantsi ya ɗaga. Na tare ɗan acaba, yaro ne da bai wuce shekara 20 ba, na ce masa, "Siliman Adamawa." Bai tambaye ni ko ina ne ba, ya tada mashin muka tafi. A hanya na ce, "Samari, ka taɓa kallon fim a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai sunan kwana ne kawai."

Maganar ta tsaya mini a rai. Kowa a garin nan ya san wurin, da shi ake yi wa baƙo kwatance, amma waɗanda suka san abin da ake yi a ciki sun fara furfura.

Ni kawuna ne ya fara kai ni, ina yaron shagonsa. Layin dogo ya iso garin a 1974, ya kawo ma'aikatan tasha, direbobin manyan motoci masu wucewa Garwa da Chadi, da 'yan kasuwa irinmu. Duk wannan jama'a in magariba ta wuce tana neman wurin zama. Masu shan bilbil suna da nasu gidajen, waɗanda a nan ake kira kabare. Ɗan Bahaushe mai gudun abin kunya sai silima. Akwai Adamawa, akwai Le Nord, a Garwa kuma Ribadu.

Fim ɗin Indiya ne sarki. Ba mai jin yaren, amma in Amitabh Bachchan ya fito sai ɗakin ya ɗauki ihu, wani na fassara wa na kusa da shi da Fulatanci, wani da Hausa, kuma rabin fassarar ƙirƙira ce. A bakin ƙofa ga mai tsire, ga mai gyaɗa, ga mai shayi. Nan kawuna ya ƙulla cinikin goro fiye da sau ɗaya, don dillalin da ya ɓace maka a kasuwa a layin tikiti za ka kama shi.

Ba zan ce iyaye sun so abin ba. Kakata ba ta da labari sai na gobarar siliman El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, kuma ta ɗauke ta a matsayin ishara.

Ba wa'azi ne ya kashe silima ba, aljihu ne. Bidiyo ya shigo, kowace unguwa ta samu ɗakin kallo mai araha, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, sai kuma faifan CD da finafinan Kano suka shiga har ɗakin matan aure. A Janairun 2009 aka rufe uku na ƙarshe a Kamaru duka: Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala, Empire a Bafusam. Canal Olympia ta buɗe sabo a Yawunde a 2016, amma wannan nesa ne da mu.

Da na sauka na biya yaron, na ƙara masa dala ashirin ya sha shayi. Na tsaya ina kallon wurin da muke yin layi. Shi kuwa ya jingina da mashin, ya zaro waya, ya ci gaba da kallon wani fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa.