Kuberi: Abin da ke ƙarƙashin ganyen bado

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero ya faɗa Jega, sannan ya miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri, ya san cewa arzikin wannan yanki a bakin ruwa yake kwance. Albasar da ta yi wa Aliero suna 'yar ban-ruwa ce. Shinkafar ranin da ta cika fadamun Gulbin Zamfara a gefen Jega, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, ita ma haka. Manomi a nan yakan yini tsamo-tsamo cikin ruwa har gwiwa, kuma ba ya ganin haka a matsayin wahala.

Na sauka Kuberi bayan ɗaukewar damina, lokacin da tafkuna suka fara ja da baya suna barin laka a gefe. Ba shinkafa ta kai ni ba. Wata 'yar halitta na je nema, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Na juya ganyen bado guda biyu, a na uku na same ta manne. Ba irin dodon koɗin nan ba ce mai girma, wanda muke murza katantanwarsa muna yara. Wannan ƙarama ce, baƙi-baƙi, kuma idan ka riƙe ta tsininta na sama, bakinta na kallonka, za ka ga ƙofar tana hagu. Masana na kiranta Bulinus. Tana da 'yar'uwa mai suna Biomphalaria, shimfiɗaɗɗiya, a naɗe kamar gammo. Ta farko ke rainon tsargiyar mafitsara, ta biyu ta hanji.

Yadda abin yake shi ne, tsutsar tsargiya ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito yana da 'yan awoyi kawai ya sami katantanwa ko ya mutu. In ya samu, sai ya shige jikinta ya yi ta hayayyafa, bayan mako huɗu zuwa shida dubbai su riƙa fitowa. Su ne ke huda fatar mai wanka ko mai dashe, ba ciwo ba jini, sai ɗan ƙaiƙayi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin fitowarsu: tsakar rana, daidai sa'ar da zafi ke koro yara zuwa tafki bayan an tashi makaranta. A ranar na ƙirga yara fiye da goma suna ninƙaya, ga mata na wanki a gefe.

Wani dattijo da ke jiran shanunsa su gama sha ya tambaye ni, “Malam, mi kaka biɗa cikin laka?” Da na nuna masa, sai ya yi dariya, ya ce ai tafkin nan ƙafewa yake yi ƙurmus da bazara, to ina abin zai zauna? Tambayar mai hankali ce. Na ce, “Baba, cikin lakar take nutsewa ta yi likimo, har ruwan farko ya tashe ta.” Ya jinjina kai, amma ban ga alamar ya ɗauki fitsarin jini da nauyi ba. A ƙauyukanmu da dama ana kallonsa a matsayin alamar balagar yaro namiji. Alhali ƙwayayen da suka maƙale a bangon mafitsara su ne ke jawo ƙarancin jini da rama, su dakushe karatu, daga baya su iya taɓa ƙoda ko su kai ga sankarar mafitsara. Mata kuwa, cutar kan shiga al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi shekara da shekaru.

Ilimin ba sabo ba ne. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da rawar katantanwa a Masar a 1915. Senegal ta ga darasin da idonta bayan gina madatsar Diama a 1986, inda tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci magani a 2021, mafi yawansu a Afirka, kuma Nijeriya na sahun gaba.

Ana raba ƙwayar Praziquantel a makarantu kyauta, kuma tana aiki. Sai dai tana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ta hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha da safe yana iya komawa tafki da azahar. Almajiri da ɗan makiyayi da manomin da ya fi kowa daɗewa a ruwa kuwa, sau da yawa rabon ba ya isa gare su, tunda ba sa cikin rajistar aji. A ganina, muddin ba a haɗa da rijiyar burtsatse da masai da share ciyayin bakin mashigi ba, ana zuba ruwa ne a kwando. Ko ruwan wanka aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, tsutsotsin sun mutu.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Ɗalibai biyar da rariya da madubin ƙara girma za su iya bin mashigan Jega da Maiyama ɗaya bayan ɗaya, a watannin da ruwa ke janyewa, su fitar da taswirar inda katantanwar take, a miƙa wa hakimai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin uku kafin a fara dashen rani mai zuwa.