Magana Zarar Bunu Ce: Wa Ke Da Ikon Kafa Mata Iyaka?

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa na ga ya kamata in amayar da ita.

Ran Asabar 14 ga Mayu 2022, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar hana fita ta awa 24 a birnin Sakkwato, kwana biyu bayan da wasu suka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari bisa zargin ta yi ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kasuwa ta rufe, muna zaune a zaure, sai wani aminina, ɗan kasuwa, ya ce wai 'yancin faɗin albarkacin baki bidi'ar Turawa ce, ba mu gaje ta ba. Na yi shiru a lokacin. Ga amsata yanzu.

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta mai tsoka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abu biyar a madadinta. Na farko shi ne a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, na biyu kuma kada a hana kowa amsa kiran. Watau kafin ya yi zancen fursunoni da na haraji, izinin buɗe baki ya fara nema. Da Sarki Nafata ya zo ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu shi kaɗai, ya hana rawani da lulluɓi, sai al'amari ya yi ta ɓaci har aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804. Ashe ke nan wannan birni da muke alfahari da shi, asalinsa mutane ne da aka nemi a toshe musu baki.

Haka kuma, sa'ad da Shehun Barno Muhammadu El-Kanemi ya rubuto wasiƙu yana sukar jihadi, Muhammadu Bello bai ƙone su ba. Ya ba da amsa da hujja, kana ya sa maganar abokin gardamarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, domin na baya su karanta su auna.

Ni kaina na ɗanɗani zamanin tsoro. A 1984 ina akawu a wani ofis, lokacin da mulkin soja ya kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Legas na da nisa, amma tsoron ya iso har teburinmu. Na ga ana karkatar da takin da aka kawo domin talakawa, na kame bakina saboda albashi da iyali. Wani abokin aikina ya yi magana, aka yi masa canji zuwa ƙauye mai nisa. Shi yana barci da daɗi, ni kuwa har yau abin yana damuna. Ma'aikacin da ba shi da ikon ce wa na gaba da shi "Ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne", lalle amanar jama'a ta salwanta a hannunsa.

To, amma kada a ɗauka cewa magana ba ta da iyaka. Babu ƙasar da ta sake ta sakaka. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, sashe na 45 kuwa ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Faransa ta kafa doka a 1990 wadda ke hukunta mai musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Denmark ta soke dokar saɓo a 2017, sa'an nan da aka yi ta ƙona Alƙur'ani mai girma, sai majalisarta ta koma ta haramta wulakanta littattafan addini cikin Disamba 2023. Ko Amurka, wadda ta fi kowa sakin linzami, Kotun Ƙolinta ta yanke a 1969 cewa ana iya hukunta maganar da aka yi domin tunzura mutane su karya doka nan take. Kowa da abin da yake tsarewa. Mu kuwa ba mu da abin da ya fi mana darajar Manzon Allah, ba kuma za mu ji kunyar faɗin haka ba.

Saboda haka gardamar ba ta kan ko akwai iyaka ba ce. Tambayar ita ce, wa ke tabbatar da cewa an ƙetare ta, wa kuma ke yin hukunci? Abin da muka koya a gaban malamanmu shi ne, hukunci na alƙali ne da shugaba, bayan bincike da shaidu da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Shi ya sa Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan nan na 2022. In taron jama'a ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, to gobe wanda kake bi bashi a kasuwa yana iya yi maka ƙazafi da kalma ɗaya, kafin ka buɗe baki an gama da kai. Wa zai tsira?

Ya kai aminina, abu biyu nake tsoro: sarkin da ke hana a faɗa masa gaskiya, da taron da ke kisa ba shari'a. Dukkansu zalunci ne. Baki shi ke yanka wuya, don haka mu auna kalma kafin ta fita, a zaure ne ko a waya. Amma in gaskiya ta wajaba, kada mu yi irin shirun da na yi a 1984.

Allah Ya tsare harsunanmu da hannayenmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.